Wane Ɓera Ne Zai Faɗa Mana Gaskiya Kan Cutar Parkinson?

Idan ka taɓa ratsa ƙauyukan Kudan, Makarfi ko Ikara a farkon damina, na tabbata ka ga matasa goye da famfon feshi suna bin kunya-kunya a gonakin masara da rake. Wani da takalmin roba, wani ƙafa a ƙasa, akasari ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Aikin da a da sai an kira gayya an wuni ana duƙe da fartanya, yanzu mutum ɗaya ke gama shi kafin azahar. Ɗaya daga cikin magungunan ciyawar da suka kawo wannan sauƙi shi ne parakwat, wanda aka fara sayarwa a 1962 da sunan Gramoxone, mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu.

To, wannan parakwat ɗin shi ne kuma wasu masu bincike ke yi wa ɓeraye allurarsa idan suna son lalata musu sashen ƙwaƙwalwar da cutar Parkinson ke lalatawa a jikin mutum. Da jin haka sai gabanka ya faɗi, ka ce shi ke nan, manomanmu sun shiga uku. Amma dakata tukuna, mai karatu. Kafin mu yarda da abin da ɓera ya nuna, sai mun tambaya: wane irin ɓera ne, me aka ba shi, ta wace hanya, kuma me aka auna? A tarihin binciken wannan cuta, zaɓen dabbar gwaji ya taɓa kai masana ga magani, ya kuma taɓa ɓatar da su shekara da shekaru. Wannan tarihi zan ba ka, domin shi zai nuna mana yadda ya kamata mu yi tambayar da ta shafi gonakinmu.

Cutar da ɓera ba ya yi

Cutar Parkinson, wadda wasu ke kira cutar karkarwa ko makyarkyata, ta samo sunanta daga wani likitan Landan, James Parkinson, wanda a 1817 ya rubuta bayanin mutum shida da ya lura da su. Alamominta ba ɓoyayyu ba ne: hannu na rawa alhali mutum na zaune bai sa shi aiki ba, jiki ya sandare, motsi ya yi nauyi, taku ya koma gajere-gajere, fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai. Duk wanda ya ga Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na karkarwa, ya ga cutar. A wajenmu kuwa sau da yawa akan ce ai tsufa ne, ko sammu, ko iska.

A 1919 wani mai karatun likita ɗan Rasha a birnin Faris, Konstantin Tretiakoff, ya nuna cewa wani ɗan sashe can tsakiyar ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa. Sunansa da Latin substantia nigra, wato baƙin abu, domin a ƙwaƙwalwar baligi mai lafiya baƙi yake kamar an goga gawayi. A ta mai cutar kuwa sai a tarar ya koɗe. Ƙwayoyin jijiyar da ke wurin su ke samar da sinadarin dopamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul. A cikin ƙwayoyin da suka rage akan ga wasu dunƙule-dunƙule da Friedrich Lewy ya fara bayyanawa a 1912, shi ya sa ake kiransu dunƙulen Lewy. Kafin hannu ya fara rawa, kusan rabin ƙwayoyin ko fiye sun riga sun mutu, a hankali, cikin shekaru.

Ga inda matsalar take: ɓera ba ya kamuwa da wannan cuta da kansa. Shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, ita kuwa ta fi kama wanda ya haura sittin. Sashen nan ma a ƙwaƙwalwarsa ba baƙi ba ne. Saboda haka duk ɓeran da ka ji an ce wai yana da Parkinson, mutum ne ya ƙirƙira masa wani ɓangare na cutar. Sannan ɓerayen gwaji iri biyu ne da Hausa ta haɗa su a suna ɗaya. Akwai ƙarami, Mus musculus, mai nauyin kamar giram 25 zuwa 30, akwai babba, Rattus norvegicus, wanda ya ninka shi kusan sau goma. Ka riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

1957: dabbar da ta kai mu ga magani

A jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson yana nazarin wani maganin hawan jini mai suna resafin, wanda ake samu daga saiwar tsiron Rauwolfia na Indiya. Dangin tsiron na fitowa a dazukan kudancin Najeriya. Idan aka ba zomo ko ƙaramin ɓera resafin sai ya kwanta lakwas, ya kasa motsi. A 1957 Carlsson ya yi wa irin waɗannan dabbobi allurar L-dopa, abin da jiki ke juyawa zuwa dopamin. Cikin mintoci suka miƙe suka ci gaba da harkarsu.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A 1960 Oleh Hornykiewicz a birnin Biyana na Ostiriya ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar, ya tarar dopamin ya yi ƙasa ƙwarai. A 1961 shi da Walther Birkmayer suka gwada L-dopa a kan marasa lafiya. A 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a riƙa sha ana ƙara yawansa sannu a hankali har ya yi aiki mai ɗorewa. Har gobe L-dopa shi ne babban maganin cutar, kuma Carlsson ya sami kyautar Nobel a 2000.

Sai dai ka lura da abin da resafin ke yi. Kwashe dopamin yake yi daga ma'ajinsa, kamar a kwashe hatsi daga rumbu a bar rumbun a tsaye. Ƙwayoyin jijiyar ba su mutu ba, in maganin ya saki dabbar sai ta warware. Wannan gwaji ya amsa tambaya ɗaya, wato me zai mayar da motsi idan dopamin ya ƙare. Bai ce komai ba kan abin da ke kashe ƙwayoyin tun farko.

1968: ɓera mai kewaya

Wanda ya fara kashe ƙwayoyin da guba da gangan shi ne Urban Ungerstedt na cibiyar Karolinska a Stockholm, a 1968. Ya yi amfani da wata guba, 6-OHDA, wadda ta yi kama da dopamin har ƙwayoyin jijiyar ke ɗaukarta su shigar da ita cikinsu da kansu. Gubar ba ta iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka sai an sumar da dabbar, an huda ƙoƙon kai, an zura allura daidai wurin. Shi ya sa aka fi son babban ɓera a wannan aiki, ƙwaƙwalwarsa ta fi girma, saiti ya fi sauƙi.

Idan aka lalata ɓangarorin biyu, ɓeran kan daina ci da sha. Sai aka koma lalata ɓangare ɗaya. A 1970 Ungerstedt da Gordon Arbuthnott suka nuna cewa in aka ba irin wannan ɓera amfetamin, sai ya yi ta kewaya yana juyawa ta gefen da aka lalata. Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san abin: idan sa ɗaya ya gaji, garmar ta gefensa take karkata. Yanzu an sami abin ƙirgawa. Kewaye nawa a minti kafin magani, nawa bayansa?

Da wannan ɓera aka gwada dashen sababbin ƙwayoyin jijiya, da shi aka yi nazarin fizge-fizgen jikin da L-dopa ke jawowa bayan shekaru ana sha. Amma ƙwayoyinsa cikin 'yan kwanaki suke mutuwa, ba dunƙulen Lewy, kuma kowa ya san mutum ba ya samun cutar ta hanyar allura a ka.

1976 zuwa 1984: lokacin da babban ɓera ya ɓatar da masana

A 1976 wani ɗalibi ɗan shekara 23 a jihar Maryland ta Amurka ya haɗa wata ƙwayar maye a gida, ya yi kuskure a haɗin, ya yi wa kansa allura. Cikin kwanaki ya sandare kamar tsoho mai Parkinson, kuma L-dopa ya taimaka masa. Masu bincike na gwamnatin Amurka suka gano gurɓataccen sinadari a kayan haɗinsa, suka gwada a kan manyan ɓeraye. Ɓerayen suka ɗan sandare, suka warware, ba wata cuta mai ɗorewa. Aka buga rahoton a 1979, kusan ba wanda ya kula.

A 1982 abin ya sake faruwa a Kalifoniya. Aka kawo wa likita William Langston wasu masu shan hodar maye a San Jose, sun daskare, ido a buɗe, ba magana, ba motsi. Binciken da ya buga a 1983 a kan mutum huɗu ya kama sunan gubar: MPTP. A wannan shekarar aka gwada ta a kan birai, suka nuna cutar sak. A 1984 aka nuna cewa tana kashe ƙwayoyin dopamin a ƙaramin ɓera. Wato gubar tana nan da ƙarfinta tun 1976, dabbar da aka tambaya ce ba ta dace ba. Babban ɓera jikinsa na da hanyoyin tare ta, ƙaramin kuwa ba shi da wannan kariya sosai. Ko a cikin ƙananan ma, baƙin nan da ake kira C57BL/6 ya fi sauran jin jiki.

MPTP ta koya mana yadda ƙwayar jijiya ke mutuwa. Tana ƙetare shingen ƙwaƙwalwa, a can a juya ta zuwa MPP+, ƙwayoyin dopamin su zuƙe ta, ita kuma ta je ta toshe mitokondiriya, wato 'yan injinan da ke ba ƙwayar halitta ƙarfi. Kamar a rufe wa janareta hanyar mai ne. Darasi na biyu kuwa shi ne, idan ɓera bai nuna illa ba, wannan bai wanke sinadari ba.

Daga ɗakin gwaji zuwa gona

Da masana suka kalli zanen MPP+, sai suka ga ai ya yi kama da parakwat ƙwarai. Hasali ma an taɓa gwada shi kansa MPP+ a matsayin maganin ciyawa a shekarun 1970. Nan hankali ya koma karkara. Binciken André Barbeau da aka buga a 1987 ya nuna cutar ta fi yawa a yankin jihar Kubek ta Kanada inda aka fi noman kayan lambu da feshi.

Najeriya ma ta ba da nata gudunmawar. A 1988 aka buga wani bincike na gida-gida da Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi tare da abokan aikinsa na Amurka. Sun kwatanta garin Igbo-Ora na jihar Oyo da baƙaƙen fata na gundumar Copiah a Mississippi, waɗanda yawancin kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su. Bayan an daidaita lissafin shekaru, an sami mutum 67 cikin 100,000 a Igbo-Ora, 341 a Copiah. Jini kusan ɗaya, cuta ninki biyar. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa muhalli na da hannu.

Sai 2000, lokacin da Ranjita Betarbet da Timothy Greenamyre a jami'ar Emory ta Atlanta suka gwada rotinon. Wannan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Majimfa, ganyen nan da masunta ke dakawa su zuba a kududdufi kifi ya taso sama, rotinon da danginsa ne ke yi mata aikin. Masu binciken sun saka wa manyan ɓeraye ɗan famfo mai ɗiga gubar cikin jini dare da rana na tsawon makonni. Ƙwayoyin dopamin suka mutu, kuma aka ga dunƙule masu kama da na Lewy, abin da gubobin baya ba su bayar ba a ɓera. Matsalar ita ce kusan rabin ɓerayen ne kawai suka nuna lalacewar, wasu kuma suka mutu saboda illar gubar a sauran jiki. Kada wannan ya sa ka tsorata da kifin da ka ci a baya. Rotinon ta hanyar da kifi ke shaƙar iska yake shiga da sauri, hanjin mutum ba ya ɗaukarsa sosai, rana kuma na lalata shi cikin kwanaki. Ɗigawa cikin jini wani abu ne dabam.

Parakwat kuwa, a 2002 wani ɗakin bincike a Kalifoniya ya ba ƙananan ɓeraye allurarsa sau ɗaya a mako har mako uku, aka sami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayoyin sun mutu. Wasu suka nuna illar ta fi tsanani in an haɗa shi da maneb, wani maganin feshi na cutar ganye. Daga baya binciken da kamfanin da ke yin parakwat a lokacin ya ɗauki nauyi ya maimaita gwaji a ƙananan ɓeraye ya ce bai ga mutuwar ƙwayoyin ba, kuma kamfanin na musanta cewa maganin na jawo cutar. Gardamar ta koma kan irin ɓeran, shekarunsa, da yadda aka ƙirga ƙwayoyin.

A gefen mutane, binciken Caroline Tanner na 2011 a kan manoman jihohin Iowa da North Carolina ya kwatanta masu cutar 110 da marasa ita 358. Waɗanda suka yi aiki da parakwat ko rotinon sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen yiwuwar kamuwa. Wannan alaƙa ce mai ƙarfi, ko da yake irin wannan bincike shi kaɗai ba ya yanke hukuncin cewa wancan ne ya haifar da wannan. Abin da ba gardama a kansa shi ne kurɓi kaɗan na parakwat na iya lalata huhu ya kashe mutum, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC kuma ta sanar da haramta shi a Najeriya daga farkon 2024.

Ɓerayen gado

A 1997 labarin ya sake juyawa. An gano canji a ƙwayar gadon wani furotin, alfa-sinuklin, a wani babban dangi 'yan asalin garin Contursi na Italiya da cutar ke bin su kaka da jika. A shekarar kuma Maria Grazia Spillantini a Kambirij ta nuna cewa wannan furotin shi ne babban abin da ke cikin dunƙulen Lewy. Daga 2000 aka shiga ƙirƙirar ƙananan ɓeraye masu ɗauke da ƙwayar gadon mutum.

Nan ma ɓera ya nuna halinsa. Canjin da ke jawo wa dangin Contursi cuta, shi ne yadda furotin ɗin yake a jikin kowane ɓera mai lafiya, kuma bai dame shi ba. Da yawa daga ɓerayen da aka ƙirƙira sun tara dunƙule amma ƙwayoyin dopamin ɗinsu ba su mutu sosai ba. A 2001 kuma aka gano cewa wani reshe na baƙin C57BL/6 da ake sayar wa ɗakunan bincike ba shi da ƙwayar gadon alfa-sinuklin kwata-kwata, ta ɓace a wajen kiwo ba wanda ya lura. Ka ga kenan, suna ɗaya a takarda, dabba dabam a keji. Gyara mai muhimmanci ya zo a 2012, lokacin da ɗakin binciken Virginia Lee a jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa in aka sa ɗan gurɓataccen furotin a ƙwaƙwalwar ɓera mai lafiya, yakan yaɗu daga ƙwaya zuwa ƙwaya cikin watanni yana kashe su a hankali.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: gadon wa ake kwaikwayo? Canjin da ake kira G2019S a ƙwayar gadon LRRK2 ya yi yawa a masu cutar na Arewacin Afirka, an kuma yi ɓeraye da yawa a kansa. Da aka neme shi a marasa lafiya 'yan Najeriya, ba a same shi ba. Sai a 2023 wani babban bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani canji dabam a ƙwayar gadon GBA1, wanda ke ƙara haɗarin cutar, kuma kusan a jinin Afirka kaɗai ake samunsa. Ɗalibin da ke son nazarin gadon cutar a Zazzau, ɓeran G2019S ba zai ba shi labarin mutanensa ba.

Magungunan da suka warkar da ɓera

Me ya sa duk wannan ƙididdiga ke da muhimmanci? Saboda an sha kashe kuɗi da shekarun marasa lafiya a kan alkawarin ɓera. Sinadarin CoQ10 ya kare ƙwayoyin ƙananan ɓerayen da aka ba MPTP. Aka gwada shi a kan mutum 600, aka dakatar a 2011 don bai rage saurin cutar ba. Kiriyatin ma haka, ya yi aiki a ɓera, aka gwada a kan mutum 1,741, aka dakatar a 2013. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da cutar, sai masu sauƙaƙa alamominta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A gwajin, akan ba matashin ɓera maganin kariya kafin guba ko tare da ita, gubar kuma ta gama ɓarnarta cikin kwanaki. Mara lafiya kuwa dattijo ne da ya zo asibiti bayan rabin ƙwayoyinsa sun tafi, kuma abin da ke kashe su bai tsaya ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

To, wane ɓera ya dace da tambayar Ikara, Makarfi da Kudan?

A ɗakunan bincikenmu na jami'o'i, farin babban ɓeran nan na Wistar shi ya fi samuwa, irin da aka fara kiwo a Philadelphia tun farkon ƙarni na 20. Ya fi araha, ya saba da hannu. Hanyar da ɗalibai da yawa ke bi ita ce a ba shi haloferidol, maganin taɓin hankali da ke toshe ƙofar da saƙon dopamin ke shiga, a ɗora ƙafafunsa na gaba a kan sanda, a ƙirga daƙiƙa nawa zai yi bai sauke ba. Sai a ba shi ruwan wani ganye a sake ƙirgawa. Gwaji ne mai amfani, amma jikan gwajin Carlsson ne, ba ƙwayar da ta mutu. In ganyen ya saki ɓeran, abin da za ka iya cewa shi ne wataƙila yana sauƙaƙa sandarewa. Ɗauki karara, waken nan mai ƙaiƙayi. Tun 1937 masana a Indiya suka fitar da L-dopa daga ƙwayarsa, don haka ba mamaki ya motsa dabbar da dopamin ya yi wa ƙaranci. Wannan bai nuna yana hana cutar ci gaba ba, kuma ba lasisi ba ne na a daka a sha ba awo.

Saboda haka tambaya ke zaɓen ɓera. In kana neman abin da zai sauƙaƙa alamomi, ko ya rage fizge-fizgen L-dopa, babban ɓera mai 6-OHDA a gefe ɗaya ya ishe ka. In kana nazarin yadda mitokondiriya ke mutuwa, ƙaramin C57BL/6 da MPTP, kuma kada ka ɓata kuɗinka ka ba Wistar wannan guba, an riga an yi wannan kuskure a shekarun 1970. Ita MPTP ɗin ma haɗari ce ga mai riƙe da allurar, sai a ɗakin da ke da cikakkiyar kariya. In yaɗuwar dunƙule kake bi, sai gurɓataccen alfa-sinuklin da haƙurin watanni shida.

Tambayar manomin rake a Makarfi, ko mai tumatir a fadamun Ikara, ko mai masara a Hunkuyi, ta fi duk waɗannan wuya. Shi ba allura ake yi masa sau uku ba. Ruwan magani ne ke ɗiga daga famfo ya jiƙa masa baya, yana shaƙar feshin in iska ta juyo, yana cin abinci a bakin gona da hannun da ya gauraya magani, damina da rani, shekara ashirin ko talatin. Kuma ba magani ɗaya ba ne. Ka tuna 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, duk abin da aka ce yana kashe ta sai da aka fesa. Gwajin da zai kusanci wannan rayuwa sai ya yi amfani da ɗan ƙaramin awo na tsawon watanni, ta fata ko ta hanci ko ta baki, da haɗin magungunan da ake sayarwa a kasuwanninmu, a kan ɓeraye manya da tsofaffi, maza da mata. A ƙarshe kuma a yanka ƙwaƙwalwa a ƙirga ƙwayoyin dopamin, mai ƙirgawar bai san wanne aka ba magani ba. Kallon tafiyar ɓera kaɗai bai isa ba.

Akwai kuma wata dabbar da ke zaune a gonar tare da manomi, wato burgu. Masana a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazarin tsarin ƙwaƙwalwarsa, wasu daga Ibadan kuma sun kamo shi daga sassa dabam-dabam na Najeriya don duba abin da gurɓatar muhalli ta yi wa ƙwaƙwalwarsa. Ya fi ɓeran gwaji tsawon rai, danginsa da ake horarwa a Tanzaniya suna gano nakiyoyi sukan kai shekara takwas. Ba za ka san shekarun wanda ka kamo ko abin da ya ci ba, don haka ba zai maye gurbin ɓeran keji ba. Amma burgun da ya yi rayuwarsa a gonar da ake fesawa, in aka kwatanta shi da na dajin da ba a fesawa, zai iya nuna inda ya kamata a zurfafa bincike. Duk da haka, amsar ƙarshe a wajen mutane take: a bi gida-gida kamar yadda aka yi a Igbo-Ora, a ƙirga masu cutar, a tambayi me suka fesa, shekara nawa.

Kafin a kai can, ga abin da ke hannunka. Idan ka ga labari a Facebook wai an gano ganyen da ke warkar da Parkinson, duba ko a ɓera aka yi, wane iri, da me aka sa masa cutar, kuma an ƙirga ƙwayoyin ko tafiyarsa kawai aka kalla. Idan kai ke feshi, ko ƙaninka, ba sai ka jira masana sun gama gardama ba: safar hannu, takalmin roba, riga mai dogon hannu, abin rufe hanci, a gyara famfon da ke yoyo, a yi wanka da sabulu kafin a ci abinci, kuma kada a taɓa zuba magani a robar lemo ko a ɗebi ruwan sha da jarkarsa. In kuwa akwai dattijo a gidanku da hannunsa ke rawa yana zaune, takunsa ya gajarce, a kai shi asibiti ya ga likitan jijiya, kamar a asibitin koyarwa na Shika. Maganin da zomayen Carlsson suka nuna a 1957 yana nan, kuma yakan mayar wa mutum da shekaru na iya cin tuwonsa da hannunsa.